Gurnanin da ke ƙarƙashin 504 ɗin Kawu

Asabar

Tun bayan damina 504 ɗin Kawu take rawar jiki, amma sai yau ya yarda a kai ta gareji. Familiyal ce mai kujeru layi uku, fara a da, yanzu ta ɗauki launin ƙasar Agadas. Cikin gari lafiyarta ƙalau. Sai an hau kwalta, allura ta wuce 70, sannan wani gurnani ya taso daga ƙarƙashin kujera, sandar giya ta kama kakkarwa, madubin ciki ya daina nuna komai sai hazo. Kawu ya riga ya sauya tayoyin gaba, mai faci ya daidaita masa su, wani kuma ya sa shi sayen sababbin fulogi. Kuɗi sun tafi, gurnani yana nan daram.

Tsohon bakaniken da muka je wurinsa, wanda ake kira Baba, sa'an Kawu ne. A kan Peugeot ya koyi aiki, a kanta kuma ya yi furfura. Bai ko ɗaga bonet ba. Ya karɓi makulli, ya ce mu hau hanyar Tawa.

Da muka bar gari ya taka ta har gurnanin ya kankama, sai ya jefa ta a firi, ya ɗage ƙafa daga totur. Injin ya koma yana numfashi a hankali, mota tana gangarawa da gudunta, gurnani bai ragu ba ko kaɗan.

"Alhaji, ka ji? Injinka ba shi da laifi. Da shi ne, da ya yi shiru tare da shi."

Ya saki sitiyari ya ɗora yatsa ɗaya a kai, sitiyari bai girgiza ba, ya ce to an wanke tayoyin gaba. Ya karkata ta dama, ya karkata ta hagu, don nauyi ya koma gefe guda; da boris ɗin taya ne da kukan ya sauya murya, bai sauya ba. Sannan ya ce in sa tafin hannuna a kan tudun nan da ya ratsa tsakiyar mota. Abin da na ji ba duka ba ne irin na tayar da ta lanƙwashe, wanda mutum zai iya ƙirgawa. Tsuma ce ƙanana-ƙanana, mai sauri, mai sa hannu ƙaiƙayi.

"Duk juyi ɗaya da taya za ta yi, farfela ta yi kusan huɗu, ɗana. Wannan saurin nata ne."

Na lissafa a zuci: a gudun kilomita 100, farfelar 504 tana juyawa sama da sau 3,000 a minti guda. Gwajin nan duka bai ci rabin awa ba, bai kuma ci ko dala ba ban da man da muka ƙona. Shi ya kamata a fara yi kafin a taɓa aljihu.

Lahadi

An hau da ita kan rami. Na sauka da tocila a bayan Baba.

In ka leƙa ƙarƙashin Hilux ko Land Cruiser, farfela a fili take, kana ganin kuros ɗinta, kana iya kama ta ka girgiza. A 504 ba ka ganin komai sai wani bututun ƙarfe mai kauri, ya taso daga bayan giyabos ya tafi ya manne wa aksul ɗin baya da kusoshi. Farfela tana cikinsa, ba ta ganin rana.

Na tambayi Baba dalilin wannan ɓoyo. Ya buga bututun da sifana, ya ce shi ne ke tura motar. Bayanin da ya yi mini a tsaye cikin rami ga shi yadda na fahimce shi. Idan tayoyin baya suka tunkuɗi ƙasa, aksul yakan so ya yi abu biyu: ya zabura gaba ya bar motar, ya kuma murɗe ya ɗaga hancinsa sama. Dole wani abu ya riƙe shi. A Hilux sifirin ɗin faranti ne ke wannan aiki, shi ya sa dole su yi tauri, shi ya sa kuma wanda ya zauna a bayanta ba kaya yake sanin yana da ƙugu. A 504 bututun ne ke karɓar turin da murɗawar, ya miƙa su ga wani ƙwallon ƙarfe da ke bayan giyabos, daga nan su shiga jikin mota. Da aka sauke wa sifirin wannan wahala, sai aka samu damar yin su naɗaɗɗu, dogaye, masu taushi. Familiyal guda huɗu gare ta a baya, biyu kowane gefe. Wannan ne asirin yadda take haɗiye gargada da fasinja bakwai da buhunan albasa a sama. Ƙari a kan haka, rairayi da tsakuwa da ciyawa ba sa samun farfela.

Dabarar ta tsufa. Ford Model T ta 1908 da ita ta zo. Peugeot ta riƙe ta a 203, ta bi 403 da 404, ta shigo 504 da ta fito a 1968 ta kuma ci kambun motar shekara ta Turai a 1969, ta wuce har 505. Masana'antar PAN ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ta ci gaba da harhaɗa 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan Faransawa sun daɗe da mantawa da ita. Albarkacin Kaduna ne har yau ake samun kayanta a wannan yanki.

Amma abin da ido ba ya gani hannu ba ya kai masa. A tsakiyar bututun, daga ciki, akwai boris guda da ke riƙe da farfela. Daga waje akwai ɗan bakin da ake ɗura masa giris. Baba ya yi ta kankarar busasshen laka da sukuddireba kafin bakin ya bayyana. Ya sa famfon giris, ya danna, giris ya ƙi shiga, ya tsattsafo ta gefe.

"Alhaji, yaushe rabon da a ba wannan abinci?"

Kawu ya ce shi bai san akwai baki a wurin ba. Yaran da ke yi masa juyen mai ma ba su sani ba, don a kan Toyota suka buɗe ido. Baba ya tambaye shi ko ya shiga ruwa da damina. Kawu ya ce ya ƙetare Telwa tana gudu, a hanyarsa ta dawowa daga lambu a Dabaga. Baba bai ce komai ba, ya goge hannu.

Litinin

Ba a taɓa 504 ba yau, kuma mun san haka za a yi. Litinin ce, ranar da ayari ke tashi zuwa Dirku da Libiya. Tun da asuba garejin ya cika da Hilux, kowa yana son a duba masa kuloci, a ɗaure masa jarkoki, a kafa sandunan da fasinja ke riƙewa a baya. Direbobin samari ne, rawani da baƙin tabarau, kuɗi a hannu, ba su da lokacin ciniki. An turo motar Kawu daga kan rami aka jingine ta a inuwar bango.

Na zauna kusa da mai shayi ina kallon yadda garin ya sauya motoci. Zinariyar Jado da ta ɓulla a 2014 ta kawo nata Toyota. Dokar 2015 da ta haramta ɗaukar baƙin haure ta sa an kama motoci da yawa an jibge su, direbobi suka koma bin ɓoyayyun hanyoyi. A watan Nuwamban 2023 gwamnatin soja ta soke dokar, Litinin ta dawo da hayaniyarta.

Kafin duk wannan, zamanin Peugeot ne. A shekarun 1970 da 1980 samarin Faransa da Jamus da Holan sukan sayi tsofaffin 404 da 504 da arha a ƙasashensu, su sa su a jirgin ruwa zuwa Aljeriya, su gangaro Tamanrasat, su sha wuya a rairayin Lawuni inda gawarwakin motoci suka zama alamar hanya, su ƙetaro In Gezam da Asamaka, su faɗo Arlit, su iso nan. Wasu a Agadas suke sayarwa, wasu su wuce Yamai ko Kwatano ko Lome, su sayi tikitin jirgin sama da kuɗin motar. Motoci ne da tayoyin baya kaɗai ke ja, amma suka ratsa Sahara. Ta Kawu a cikinsu take. Daga hannun wasu Turawa biyu ya saye ta a bakin wani otal, tana ɗauke da faranti biyu na fitar da mota daga rairayi. Tawayen farkon shekarun 1990 da yaƙin basasar Aljeriya suka rufe wannan ciniki.

Baba ya leƙo da la'asar, gumi har gwiwar hannu, ya ce wa Kawu ya yi haƙuri, waɗannan su ke biyan kuɗin haya.

Talata

Yau aka buɗe ta, kuma aiki ne na yini guda.

Ba a fitar da farfelar 504 ta gefe. Sai an ɗaga bayan motar an kafa ta a kan turaku, an kwance shokazoba da tiyon birki da wayar birkin hannu da sandar da ke hana aksul zamewa gefe, an sauke sifirin huɗun nan, an saki murfin ƙwallon da ke bayan giyabos, sannan a ja aksul da bututun gaba ɗaya baya a kan tayoyinsu. Yara uku suka ja, Baba yana ƙarƙashi yana tallafe da hancin bututun kada ya faɗi. Wanda ya ce wannan motar mai sauƙin gyara ce, gaskiya ya faɗa game da injinta, ban da nan.

Da aka raba bututun da aksul, ruwa mai launin tsatsa ya zubo, ba da yawa ba, amma ya isa shaida. Telwa ce. Aka zaro farfela. A tsakiyarta, inda boris ke hawa, ƙarfen ya kamata ya zama sumul yana ƙyalli. Wannan ya yi shuɗi don zafi, ya yi zane-zane, farce yana maƙalewa a ciki.

Kafin a taɓa boris ɗin, Baba ya zura doguwar sanda cikin bututun har ta tokare shi, ya yi wa sandar alama da zarto, ya jingine ta a bango ya ce duk yaron da ya taɓa ta zai gamu da shi. Dalili kuwa, sabon boris dole ya zauna daidai inda tsohon ya zauna. In ya gota, ramin giris ɗinsa ba zai haɗu da bakin da ke waje ba, ba zai kuma hau sumul ɗin wurin da aka tanadar masa a jikin farfela ba. Yawancin gyaran da ke lalacewa bayan wata biyu, in ji shi, a wannan ƴar alama ake faɗuwa.

Fitar da shi ya ci lokaci. Asalin abin cirewar wani dogon ƙarfe ne mai ƙugiya da nauyi mai zamewa a jikinsa. Na Baba shi ya ƙera abinsa da rodi da tsohon fistin. Aka jiƙa cikin bututun da gas, aka yi ta bugu. Da ya fito, boris ne mai allurai, cikin gida mai roba. Alluran da suka rage sun yi baƙi, wasu sun karye, saura sun zama gari, sun haɗu da ƙura da tsohon giris sun zama wani abu mai kama da kwalli. Robar ta bushe ta tsattsage.

Sauran binciken ya zo da sauƙi. Kuros ɗin gaba yana da ɗan wasa, Baba ya ce tun da an riga an buɗe a sauya shi, don ba wanda zai so ya sake wannan jan aksul saboda kuros. Haƙoran ƙarshen farfela, waɗanda ke shiga na aksul, sun ɗan ci amma ba su yi kaifi ba. Waɗannan haƙora su ne sanannen ciwon 504 da 505: in suka cinye, wata rana za ka sa giya, injin ya yi kuka, mota ta tsaya cak ba ta motsi.

Laraba

Neman kaya. Mun zaga shagunan kayan mota, kowa Toyota yake sayarwa. A wani shago aka fito mana da boris sabo fil cikin kwali mai kyan rubutu. Baba ya zura shi a jikin wata lafiyayyar farfela, ya girgiza, ya ji ƙwas-ƙwas, ya matsa robar da babban yatsa ta lotsa ba ta dawo ba. Ya mayar cikin kwali ya yi godiya. Ba mu saya ba.

A wajen masu fasa tsofaffin motoci mun samu bututu biyu, duka sun sha rana da ƙura baki buɗe, farfelolinsu sun yi tsatsa.

Wani mai walda da ke maƙwabtaka da garejin ya kawo shawara, da kyakkyawar niyya: a cire boris ɗin kawai a mayar da farfela haka nan, ai tana da mariƙi gaba da baya. Kawu har ya fara gyaɗa kai, don shawara ce mai arha. Baba ya ce a ba shi maburgi daga gidan mai abinci. Ya riƙe shi ta can ƙarshe ya murza tsakanin tafukansa, kan maburgin ya yi ta yawo yana zana da'ira. Ya sa yaro ya zagaye tsakiyarsa da yatsu biyu, ya sake murzawa, ya tsaya cir.

Abin da ya nuna da maburgi shi injiniyoyi suke lissafawa da alƙalami. Duk doguwar sanda mai juyawa tana da wani gudun da in ta kai shi, tsakiyarta kan bauɗe ta fara lilo, komai miƙewarta. Tsawo ne ke yanke wannan gudu: in ka raba tsawon biyu ta hanyar sa mariƙi a tsakiya, gudun da za ta fara lilo yakan ninka kusan sau huɗu, ya haura inda motar ba za ta taɓa kaiwa ba. Aikin boris ɗin ke nan. Da ya mutu, farfelar Kawu ta koma doguwa, shi ya sa take shiru cikin gari, ta tashi hauka a kan kwalta. Cire shi ɗungurungum ba gyara ba ne, tabbatar da ciwon ne.

Da yamma Baba ya kira wani abokin cinikinsa a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Akwai farfela ta hannu mai lafiya, akwai boris na asali tsohon ajiya, akwai kuros. Za a ba direba zuwa Damagaram, daga can a sa a motar Agadas. Kawu ya ji kuɗin, ya yi salati, ya ce a turo.

Alhamis

Jira. Iskar hunturu ta taso tun hantsi, hasumiyar masallaci ta ɓace cikin ƙura. Ba aiki sosai, aka kafa shayi a cikin wata tsohuwar 404 da ba ta da ƙofofi.

Ƙaramin yaron garejin, wanda ba ya rabuwa da waya, ya kawo mana hoton bidiyo: wani Bature a gareji mai tayil, ya kwantar da wani dogon bututu a kan tebur yana zaro boris daga cikinsa da rodi mai zare. Ya ce Baba duba, irin aikinmu. Baba ya sa tabarau, ya kalla har ƙarshe, ya ce a maimaita.

Bututun Porsche 944 ne. Kamfanin ya fara wannan tsari da 924 a 1976, ya bi da 928 a 1977, wadda ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1978, shekara tara bayan 504, sannan 944 a 1982. Corvette ta Amurka ta koma irinsa a 1997. Su dalilinsu daban ne da na Peugeot. Injin yana gaba, giyabos kuwa an kai shi can baya an haɗa shi da aksul, don nauyi ya rabu daidai tsakanin gaba da baya, mota ta riƙe hanya a kwana. Bututun shi ke ɗaure injin da giyabos su zama abu ɗaya, siririyar sanda tana juyawa a ciki. A 944 boris huɗu ne ke riƙe da ita, masu ƙwallaye, kowanne cikin gidan roba, a rufe suke ruf, ba bakin giris ko ɗaya. Giris ɗin da aka sa musu a masana'anta shi ne na farko, shi ne na ƙarshe. Bayan shekara talatin ko arba'in ya bushe, roba ta sake, boris ya fara kuka ko ya gusa daga mazauninsa.

Baba ne ya fara gano bambancin da ya fi muhimmanci, ba tare da an gaya masa ba. Ya ce in giyabos yana baya, to sandar nan da gudun injin take juyawa, ba da gudun taya ba. Haka ne kuwa. Shi ya sa gwajinsu kishiyar namu ne: mai 944 yana tsaye a ƙofar gida, mota a firi, injin yana aiki, zai ji kukan, in ya taka kuloci sanda ta tsaya, kukan ya ɗauke. Mu kuwa sai mun hau hanyar Tawa. Wanda ya ɗauko gwajin wata ya kai wa wata zai kama marar laifi.

Abin da ya ba shi dariya shi ne da aka ce masa kafin a kai ga bututun sai an sauke giyabos da ƙafafun baya, kuma akwai masu sana'ar da ba sa komai sai sabunta waɗannan bututu, ana aiko musu daga wata ƙasa. Ya ce ashe masu kuɗi ma suna jan aksul. A ganina Peugeot ce ta fi gaskiya a nan: ta san giris yana ƙarewa, ta bar ƙofar ƙara shi. Sai dai ƙofar da ba wanda ya san da ita, da ita da babu duk ɗaya.

Daga nan hira ta gangara kan tsere, don ba a ambaci Porsche a Agadas a rasa mai labari. Tseren Paris zuwa Dakar na farko, wanda Thierry Sabine ya shirya, ya tashi ran 26 ga Disamban 1978 da motoci da babura 182, ta nan ya bi, 74 suka kai Dakar. Shekaru da yawa bayan haka Agadas ce zangon hutu a watan Janairu: filin jirgi cike da jirage, kowane gida ya zama masauki, kowane bakanike ya samu aikin dare. Mano Dayak, wanda filin jirgin ke ɗauke da sunansa yanzu, yana cikin waɗanda suka riƙe wa Sabine hanya a Tenere. Porsche ta ci a 1984 da 1986 da René Metge, amma waɗancan injinsu a baya yake, ba dangin 944 ba ne. Peugeot ta karɓa daga 1987 zuwa 1990 da 205 da 405. A 1997 ma tseren daga Dakar ya taso, ya juya a Agadas ya koma. Baba ya ce a waɗancan darare ya ga Turawa suna sauya giyabos cikin lokacin da shi yake ɗauka yana neman sifana mai lamba 13.

Kawu, wanda ba ya son a raina motarsa, ya tuna musu cewa 504 ma ta yi tsere. Gaskiyarsa. Ta ci Safari na Kenya a 1975 da Ove Andersson, ƴar'uwarta mai ƙofa biyu kuma da Pininfarina ya zana, mai injin V6, ta sake cinsa a 1978 da Jean-Pierre Nicolas. Wannan mai ƙofa biyun yanzu tana cikin tsofaffin motocin da masu tarawa ke rububi a Turai, kuma in ka leƙa ƙarƙashinta, bututu ne.

Juma'a

An rufe gareji kafin azahar. Mun yi salla a babban masallaci; ƙura ta lafa, hasumiyar ta fito da duk mita 27 ɗinta. Bayan magariba aka kira daga tasha, kaya sun iso, an naɗe farfelar cikin buhu da tsohuwar tabarma.

Asabar

Baba bai yarda da farfelar ba don ta fito daga Kano. Ya ɗora ta a kan ƙarafa biyu masu baki, ya kafa alli kusa da tsakiyarta, ya juya ta a hankali. Da ta lanƙwashe, allin zai taɓa gefe guda ya bar sauran. Ya zana zobe cikakke. Wurin hawan boris sumul, haƙora da sauran ƙwari.

Aka wanke cikin bututun da tsumma a kan rodi har tsumma ya fito fari. Aka cire bakin giris aka dafa shi cikin gas, aka busa, ya buɗe. Aka shafa wa robar sabon boris ruwan sabulu, ba mai ba, don mai yana cin roba, kuma sabulu in ya bushe boris ya kafu. Aka tura shi da bututun ruwa mai faɗin da ya dace da gidansa, a hankali, ana tsayawa ana gwadawa da sandar nan mai alama. Da alama ta zo daidai baki, Baba ya leƙa ta ramin giris da tocila, ya ga ramin boris yana kallonsa. Ya mayar da baki, ya danna famfo, giris ya shiga ba gardama.

Saura mayar da abin da aka kwance: giris a haƙora, sabon kuros, ƙwallo cikin murfinsa, jan aksul gaba har haƙora su shiga juna. Nan ne aka daɗe, don sai an juya taya kaɗan-kaɗan kafin su haɗu, kuma ba a tilasta musu da guduma. Kusoshin robobin ƙafa bai ɗaure su tamau ba sai da aka sauke motar ta tsaya da nauyinta. Aka fitar da iska daga birki. Duhu ya yi, aka bar gwaji sai gobe.

Lahadi

Hanyar Tawa kuma. 70, shiru. 80, 90, madubi yana nuna hanya tar. Kawu ya fara murmushi yana shafa gemu. Amma wajen 100 sai ga wani ɗan duka a hankali daga baya, mai ƙirguwa. Kawu ya ɓata fuska.

"Malam, ba ta warke ba."

"Ta warke, Alhaji. Wannan wani ne, da can gurnani ya rufe shi. Ƙirga shi ka ji, na taya ne."

Muka tsaya, aka ɗaga baya da jak, aka juya tayar hagu. Wilin ya ɗan lanƙwashe, aikin wani dutse a hanyar Dabaga. Aka sa safaya a wurinsa. Muka sake hawa, ba duka, ba gurnani, sai iska da ƙarar kwanon shayi a but.

Litinin

Kawu ya biya, bayan cinikin da su biyun suka saba yi tun suna samari. Farfela da boris da kuros da kuɗin mota daga Kano da ladan aiki sun haura abin da ya kashe wa motar a shekara biyun da suka wuce in aka haɗa, ban da tayoyi da fulogin da ba su da laifi. Baba ya sa yaro ya shafa jan fenti a kewayen bakin giris ɗin, don duk wanda ya shiga ƙarƙashinta ya gan shi.

Masu 404 da 504 da 505 da suka rage a Agadas da Tawa da Damagaram da Maraɗi, har Katsina da Kano: ran juyen mai ku sauka ramin da kanku, ku nuna wa yaron tsakiyar bututun, ku tsaya har ku ga giris ya shiga. Wanda kuma ya ƙetare ƙorama da damina, kada ya jira ranar juyen mai.